Ruɓaɓɓen Gungumen Kawu

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Kawu ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, tsakiyar malka, ana yayyafi. Ina cikin aji a Dutsin-Ma wayata ta yi ƙara. Babban ɗansa ne, taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa kirana ba sai da tsokana a bakinsa. Ran nan sunana kawai ya kira, ya ce in taho gida. Kafin babur ya ratsa taɓo ya kai ni Wurma, har an kai Kawu makwancinsa.

Na tarar da gida cike. Daga cikin gida muna jin maganar maza a zaure. Liman ya ce shekara talatin bai waiwaya sahun farko ya rasa shi ba, sai ranar da rafi ya kawo ya tare shi a gona. Wani Bafulatani ya ce ƙotar fartanyar da Kawu ya sassaƙa masa ta ga ƙarshen ruwan fartanya uku. A wajenmu mata kuwa, wata tsohuwa ce ta zo tun daga Shema, zaninta jiƙe sharkaf, ta ce turmin aurenta shi ya sassaƙa, yanzu jikarta ke daka a ciki. Ana cikin haka wata ta ce, "Allah ya ji ƙan mai gadin ruɓaɓɓen icce." Aka ce amin, amma na ga mata biyu sun ja mayafi sun rufe baki.

Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Ku dai ba ku taɓa shan miyar ba."

Matar Kawu, da muke kira Inna, tana ƙuryar ɗaki ta shiga takaba. Na durƙusa na yi mata gaisuwa cikin mutane. Ta riƙe hannuna ta ce, "In an natsa ki zo, ina da magana." Na ce to, na fita na kama hidima.

Ruɓaɓɓen iccen da ake yi wa dariya gungumen ɗorawa ne, kwance a ƙarshen gonarsa, bakin rafi, ƙarƙashin wata kanya. Shekara goma sha ɗaya yana gadinsa, saboda wani farin naman kaza da ke tsirowa a jikinsa da damina, wanda Kawu ya ce ya ɓace a duk yankinmu sai nan. Bai bar shanu ba, bai bar gidan bulo ba. Gungumen nan ne abin da ya fi damuwa da shi a ƙarshen rayuwarsa. Zan faɗi yadda aka yi da shi, domin da hannuna a ciki, amma bari in fara da mai shi.

Kawu masassaƙi ne, ɗan masassaƙi. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, babban yatsansa na hagu ya rasa farce tun yana saurayi. Ba ya wuce bishiya bai taɓa ta ba. Ko tafiya kuke yi kuna magana, sai ka ga ya ratse, ya ƙwanƙwasa ta da ƙeyar gatari, ya kara kunne kamar mai jiran a yi masa izinin shiga. Yakan ce icce ba ya ƙarya, mai saran ne ba ya saurare. A lokacin ƙuruciyarsa, duk abin da ke tsirowa a jikin icce abokin gabarsa ne. In ya ga jar laimar kwaɗi mai tauri ta fito a gindin ƙirya, sai ya tofar da yawu ya wuce, don ya san cikinta ya ruɓe, ba za a sami turmi ba.

Shi da bakinsa yake cewa yana cikin waɗanda suka cinye dajin. Ba ya ɗora wa masu gawayi laifin su kaɗai. Da yana yaro, in ji shi, in ka shiga daji sai ka yi ta tsallake matattun itatuwa, wasu sun kwanta tun kafin a haife shi, ba mai kula su. Mahaifiyarsu, kakata, takan fita da sassafe bayan ruwan kwana, ta dawo da ƙwarya cike da farin naman kaza, ta yi miya da daddawa da ɗan man shanu. Ta rasu, itatuwa suka ragu, har aka kai lokacin da reshe ba ya kwana biyu a ƙasa. Wata rana yana cin tuwo ya tsaya da loma a hannu, ya tambayi Inna rabon da ta ga naman kazan icce. Ta yi tunani ta kasa tunawa. Daga ranar ya shiga dubawa duk inda ya bi, damina biyu bai ga ko ɗaya ba.

Sai iska ta ka da ɗorawar kakata. Ya bar wa gida rassan aka ƙone, ya ce gangar jikin ba mai taɓa ta. Mutane suka ɗauka turame zai fitar. Shekara ta zagayo, gungume na nan. Ya tara ganye ya jibga a gefensa, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya share ciyawa zagaye don kada wutar gyaran gona ta kai gare shi. Ya hana a sassabe kanyar da ke yi masa inuwa, duk da tana cinye masa kunya huɗu na gero.

Ni ce na fara yi masa ɓarna. Na zo hutu da rani, lokacin ina sabuwar malama, ina ganin duk abin da ba a share ba ƙazanta ce. Halina ke nan har gobe, in na ga abu ba daidai ba hannuna ya riga tunanina. Na kai masa fura gona ban same shi ba, na ga tulin ganye jikin gungume, na ce wannan ai gidan macizai ne. Na share tas. Na ga ɓawon ya ɗaɗɗago, na ɓamɓare rabi na ɗaure zan kai wa Inna ta hura wuta. Ina cikin ɗaurin ya iso.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya tsaya yana kallon iccen, sannan ya ce, "Ɗiyata, mi ya yi maki kika tsiraita shi?"

Ya tsuguna ya ɗauki ɓawo ɗaya ya juya mini cikinsa. Wani farin abu ne shimfiɗe kamar saƙar gizo, mai laushi, da ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Ya ce wannan shi ne mai gidan. Abin da ake tsinka a yi miya ɗansa ne kawai, yana fitowa kwana uku ya wuce. Shi mai gidan yana cikin iccen rani da damina, yana cin sa sannu a hankali, kuma abu huɗu yake so: inuwa, laima, babban icce da ba ya bushewa har ciki, da a ƙyale shi. Ya ce siririn reshe ba ya riƙe shi, don rana ɗaya ta bazara ta isa ta ƙone shi. Iccen da aka jingine tsaye ma ba ya yi, sai wanda ya kwanta cikinsa na shan sanyin ƙasa. In ka juya shi, gefen da ya saba da duhu ya ga rana, ka kashe aikin shekaru.

Na ce, "To Kawu, wa ya shuka shi a ciki?"

Ya ce, "Iska. Irin nasa ƙura ce, ido bai ganin ta. Daga mataccen icce take tashi ta sauka kan wani mataccen. Shi ya sa nike tsoro. In wanga ya ƙare babu wani kusa, ina za ta sauka?"

Muka mayar da ɓawon ɗaya bayan ɗaya, muka danne da duwatsu, muka kwaso ganyen da na share. Bai sha furar ba sai da muka gama. Damina ta zo, gefen da na ɓare bai fitar da komai ba, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Daga nan ne ya riƙa nuna mini duk abin da ya gani. Shekarun farko wasu ƙanana ne masu ruwan toka suka fito, kamar farcen yaro, ya ce waɗannan masu share fage ne. Sai a damina ta huɗu farin ya fito, curi-curi kamar an kifa ƙananan faya-fayai. Daga baya jar nan mai tauri ta kama wajen gindi, wadda da yake tofa wa yawu. Yanzu sai ya shafa ta ya nuna mini jar ƙurar da take zubarwa a kan ganye. Ya ce kowanne da lokacinsa, wani ba ya shigowa sai wani ya tausasa masa iccen. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in ci wanda bai nuna mini da hannunsa ba.

Ba zan mayar da shi waliyyi ba don ya mutu. Kawu yana da taurin kai, kuma Inna ce ta sha wahalarsa. Tun da shiga daji ya zama kasada, icce ya yi wuya a Wurma. Da kara da kashin shanu take girki, idanunta kullum ja. Takan ce, "Ni na auri masassaƙi, ga ni ina tuƙa tuwo da kashin shanu." Mutanen gari kuma da yawa ƙyamar naman kazan suke yi, suna cewa abin da kwaɗi ke fakewa a ƙarƙashinsa ba abinci ba ne. Har wurin Liman aka kai maganar. Liman ya ce shi bai ga inda aka hana ba, amma da Kawu ya aika masa da miyar, kwanon ya dawo yadda ya tafi.

Babbar rigimar da ɗansa aka yi ta. Taubashina mutum ne mai iyali, ɗan acaba, ba ya son abin da ba shi da amfani a yau. Wata shekara ya kawo masu gawayi har gona su duba gungumen, bai gaya wa uban ba. Kawu ya tarar da su suna auna shi da taki. Ya zauna a kansa, ya ɗora gatarinsa bisa cinya, ya ce su fara da shi. Masu gawayin suka ba da haƙuri suka tafi. Ɗan ya tsaya ya ce, "Baba, uwata na makancewa da hayaƙi kai kana kiwon ruɓa." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Wata biyu ba su ci abinci a kwano ɗaya ba. Daga baya na ji Kawu ya sayar da gizagonsa mafi kyau ya sayo wa Inna murhun gawayi, amma bai taɓa cewa ɗan ya yi daidai ba.

Alherin da ya yi mini kuwa ba na iya faɗinsa ban yi kuka ba. Shekarar da na haihu ɗan bai zo da rai ba, na koma gidanmu a Dabawa wanka. Abinci ya fita raina. Mahaifiyata ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji. Wata safiya sai ga Kawu a kan kekensa, wandonsa duk taɓo, da ƙwarya ɗaure a baya an rufe da ganyen kanya. Duk abin da gungumen ya fitar a makon ne ya tsinko, bai bar wa gidansa ko ɗaya ba. Bai yi mini wa'azin haƙuri ba, don masu yi sun yi. Ya ce wa mahaifiyata, "Ki yi mata irin ta tsohuwa, kada ki cika yaji." Ya zauna a ƙofar ɗaki ya ba ni baya, yana gyaran wata taɓarya da ba ta lalace ba, har sai da ya ji ƙarar cokali a gindin kwano. Sannan ya tashi ya hau kekensa.

A shekarunsa na ƙarshe gungumen ya fara zaftarewa, yatsa na shiga jikinsa. Kawu ya san saura damina uku ko huɗu. Sau biyu yana samo wani icce ya sa a jawo masa da shanu a kwantar kusa, don ƙurar ta sami wurin sauka. Sau biyun ana sacewa kafin wata ya cika. Zuwana na ƙarshe ya ce ya yi magana da wani mai gona a Kurfi da tsamiyarsa ta bushe, in an yi kaka za a kawo. Yana faɗa yana haki. Na ce ya bar wahalar da kansa, ya yi dariya ya ce ai shi ma ya kusa zama abincin masu share fage.

Ranar sadakar uku ni na karɓi girki. Kowa a danginmu ya san in ana taro ni ce a bakin murhu, ina ba da umarni, ba mai ja da ni. Baƙi sun zo daga Kurfi da Dutsin-Ma da ƙauyuka, ga tukwane uku a kan wuta, ga ruwa ya kwana yana zuba. Karan da ke rumbu ya ƙare, guntun iccen da maƙwabta suka kawo ya jiƙe. Wata ta zo ta ce Inna na kirana, na ce sai na sauke tukunya. Ta sake dawowa, na ce a ce mata ina zuwa. Shinkafa ta tsaya ba ta dahu ba, wuta na mutuwa. Na hango taubashina zai wuce zaure, na daka masa tsawa a gaban mata.

Na ce, "Kai, baƙin ubanka za su kwana da yunwa kana yawo hannu na dukan cinya? Ka samo mani icce duk inda yake, ko ƙyauren ɗakinka ne ka ɓalle."

Ya dube ni, bai rama ba. Ya shiga ɗakin uban ya fito da gatari.

Bayan kamar sa'a guda ya turo baro cike da faskare ya juye a bayana. Ban ko duba ba. Na riƙa cusawa ƙarƙashin tukwane ina fifitawa da faifai, ina mita. Wuta ta ƙi kamawa, sai wani farin hayaƙi mai kauri da ya cika tsakar gida, mata na tari suna matsawa. Na jawo guda ɗaya in gyara, na ji shi ba nauyi, ya marmashe a hannuna. Ƙanshin ne ya fara gaya mini. Na juya shi, ga farar saƙar nan shimfiɗe a ciki. A bakin murhu kuma, jikin wani guntu, wasu 'yan farare guda biyar da ba su gama buɗewa ba suna yanƙwanewa da zafi.

Na sa hannu cikin murhun na riƙa fizgo su. Har yau da tabon a yatsuna biyu. Na bi taubashina har bayan gida, na ce wane icce ne wannan.

Ya ce, "Kin san shi. Ke kika ce duk inda yake." Ya share fuska da hannun riga. "Mai shi ya tahi. Kuma na ɗauka ko sau ɗaya ne ya yi ma gidanga amfani."

Bai yi ba. Iccen da ya shekara goma sha ɗaya yana shan ruwa ba ya cin wuta. Sai da wata maƙwabciya ta aiko da tukunyar gas aka ƙarasa shinkafar, baƙi suka ci tana warin hayaƙi.

Na bar su na tafi gona cikin yayyafi. Gatari bai sha wuya ba. Tsakiyar gungumen, inda farin ke fitowa, babu ita. Gindin da kan an mirgine su gefe, cikinsu na kallon sama. Inda ya kwanta ya bar dogon shaida a ƙasa, baƙa wuluk, tsutsotsi da ƙadandoniya na neman wurin ɓuya. Na yi ƙoƙarin mayar da gindin yadda yake na kasa, ya fi ƙarfina. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar Laraba.

Da la'asar na shiga wurin Inna. Tana zaune bisa tabarma da carbi, idanun nan ja. Ta ji komai, hayaƙin har ɗakinta ya shiga. Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Sau biyu ina aikawa a kira ki."

Na ce, "Na ji, Inna."

Ta ce, "Ran Talata, da ya ga jikin ya ƙi, ya ce in hwaɗa maki ke kaɗai. Ya ce gona ta 'ya'ya ce, su raba. Amma iccen ya bar maki, don ke kin taɓa yi mashi laihi kin ga abin da ke ciki, ba ki sakewa." Ta ja carbi ɗaya. "Ya ce ki tuna da mai tsamiya na Kurfi."

Ba ta zarge ni ba. Ita da ta shekara goma sha ɗaya tana tsine wa gungumen nan, sai ga hawaye na bin fuskarta. Da na sani ƙeya ce. Da na sauke faifan nan na taka taku goma zuwa ɗakinta, da yanzu wani labarin nake rubutawa.

Washegari ni da taubashina muka koma gona. Muka mirgina gindin da kan muka kifa su, muka jera guntayen da na ceto daga wuta a tsakani, muka rufe da ganye. Da kaka ya je Kurfi da kansa neman mai tsamiya, ya tarar an riga an yi gawayi da ita.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya yafe masa itatuwan da ya sare da wanda ya hana a sare, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya nema wa abin da ba ya iya roƙo inuwa. Ya ba Inna haƙuri, ni kuma ya yafe mini gaggawata.

Damina biyu ke nan. Duk ranar da aka yi ruwan kwana, in babu makaranta, nakan hau babur in je Wurma. Nakan ɗaga ɓawo a hankali in duba. Bara na ga ɗan fari-fari a guntu ɗaya. Bana gara ta shiga, na ɗaga na tarar da jar ƙasa. In na dawo daga gona Inna ba ta bari in ajiye mayafi, takan ce, "Ya hito?" Har yanzu "tukuna" nake ce mata.